Ƙwayoyin Hanji da Mara Lafiyan da Jikinsa Ya Yi Tsanani: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a bakin ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU, ya san tambayoyin da ake tare likita da su in ya leƙo. Ya farfaɗo? Numfashin ya daidaita? Fitsari na fita? Hanji kuwa ba mai tunawa da shi sai gudawa ta ɓarke ko ciki ya kumbura. Alhali tun shekarun 1980 likitocin wannan fanni suke sa masa ido, domin sun lura sau da yawa ƙwayar cutar da ke kayar da mara lafiya a cikinsa take zaune tun farko. Amsoshin da ke ƙasa don fahimta ne. Hukunci a kan mara lafiyarku yana hannun likitan da ke duba shi.

Da gaske ne mai ƙoshin lafiya ma yana ɗauke da bakteriya a cikinsa?

Ƙwarai kuwa, kuma ba kaɗan ba. Lissafin da masana na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a 2016 ya nuna babban mutum yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikinsa. In aka tara su wuri guda, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Mafi yawansu a babban hanji suke, kuma nau'insu ɗaruruwa ne a cikin mutum ɗaya. Galibinsu masu gudun iska ne, oksijin na kashe su, shi ya sa suke zaune can ƙuryar hanji inda iskar ba ta kaiwa.

Wane amfani suke yi wa jiki?

Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar gero da dawa, ɓawon wake, zare-zaren ganye. Wannan shi ne abincinsu. In suka ci, sai su fitar da wasu sinadarai, kuma wanda ya fi muhimmanci a nan shi ne butiret, wanda bangon babban hanji ya fi dogara da shi wajen samun ƙarfi. Bangon nan shimfiɗa ɗaya tak ce ta ƙwayoyin halitta, da yauƙi a samanta, ita ce ta raba bayan gida da jini. Tana sabunta kanta duk kwana 3 zuwa 5, don haka ba ta jure yunwa.

Wajen ƙona butiret, bangon hanji yana shanye oksijin ɗin da jini ya kawo, sai cikin hanjin ya zauna ba iska, abin da ƙwayoyin kirki ke so ke nan. In suka ragu, butiret ya ragu, iska ta fara tsiyaya cikin hanji, sai wurin ya dace da irin su E. coli da Klebsiella waɗanda iska ba ta dame su ba. Wato ɓarna ɗaya ce ke haifar da ta gaba.

Ban da wannan, yawansu kansa kariya ne. Sun cinye abincin, sun cika wurin, baƙuwar ƙwayar cuta ba ta samun inda za ta zauna. Suna kuma horar da garkuwar jiki ta san abin da za ta yaƙa da wanda za ta ƙyale, wasunsu har bitamin K suke haɗawa.

To me ke samun su idan jiki ya yi tsanani?

Rushewa suke yi, kuma da saurin da zai ba mutum mamaki. A Japan, a 2011, an duba bayan gidan mutanen da aka kawo asibiti bayan mummunan hatsari ko tsayawar zuciya, mutanen da lafiyarsu ƙalau kafin abin ya faru. Cikin awa 6 da isowarsu an tarar masu gudun iskan nan sun riga sun ragu ƙwarai. A 2016 wani bincike a kan marasa lafiya 115 na ICU ya nuna nau'o'in da ke yin butiret, irin su Faecalibacterium, suna ɓacewa, masu cutarwa suna cike gurbinsu, kuma abin ƙaruwa yake yi da tsawon kwanciya. A Jami'ar Shikago, ayarin likitan tiyata John Alverdy sun bi mutum 14 da suka daɗe a ICU, suka samu wasu daga cikinsu hanjinsu ya koma nau'i 1 zuwa 4 kacal, maimakon ɗaruruwa. Waɗanda suka rage ɗin kuwa su ne Enterococcus, Staphylococcus, dangin E. coli, da yis ɗin nan Candida.

Kamar gonar da gobara ta cinye ce. Da damina ta sauka ba za ta zauna fili ba, amma abin da zai fara tsirowa ƙarangiya ce da tsidau, ba gero ba.

Ciwon ne ke kashe su ko magungunan asibiti?

Duka biyun. In jini ya faɗi, ko saboda zubar jini ko ƙuna ko cutar da ta bazu a jiki, jiki yakan janye jini daga hanji ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Alluran da ake sawa don ɗaga jinin su ma matse jijiyoyi suke yi, har da na hanji. Ga mara lafiya ba ya cin abinci, don haka ƙwayoyin ba su da abin ci. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin da na sa barci suna tsayar da motsin hanji. Maganin rage tsamin ciki, dangin omeprazole, yana sassauta ƙofar farko da ke ƙone ƙwayoyin da aka haɗiya.

Amma babban mai ɓarnar shi ne antibayotik. Ƙidayar da aka yi rana guda a 2017 a ƙasashe 88, kan marasa lafiya sama da 15,000 na ICU, ta nuna kashi 70 cikin 100 suna kan antibayotik a wannan ranar.

Kada a ɗauki wannan a matsayin laifin likita. Kowane ɗaya daga cikin magungunan nan akwai dalilin ba da shi. Maganin rage tsami, alal misali, an gwada shi a 2024 kan mutum 4,821 da ke kan na'urar numfashi: zubar jini mai haɗari a ciki ya sauko daga kashi 3.5 zuwa kashi 1 cikin 100, kuma ba a ga ƙaruwar ciwon huhu ta a zo a gani ba. Abin tambaya kullum shi ne, yau ma yana buƙatar wannan maganin, ko lokacin cire shi ya yi?

Baba hatsarin mota ya yi, ciwonsa a ƙirji da kai yake. Me ya haɗa shi da hanji?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗewa a fannin. A 1986 wasu likitocin tiyata, cikinsu da Jonathan Meakins da John Marshall na Kanada, suka kawo ra'ayin cewa hanji ne ke tuƙa lalacewar gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, inda za a ga huhu ya gaza, ƙoda ta bi, hanta ta bi, an buɗe ko'ina ba a ga ƙurji ko ruɓa ba. Tunaninsu shi ne bangon hanji ya yi rauni, bakteriya da dafinsu suna ratsawa zuwa jini.

Da aka zo gwadawa, abin bai zo da sauƙi haka ba. A farkon shekarun 1990 an riƙa ɗibar jini kai tsaye daga babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta, a jikin waɗanda suka yi mummunan rauni, kuma da ƙyar aka ga bakteriya a ciki. Daga nan Edwin Deitch na Amurka ya nuna wata hanyar a gwajin dabbobi: hanjin da ya wahala yana zuba abubuwa masu tayar da kumburi cikin magudanar ruwan jiki, wadda ke kewaye hanta ta zube a babbar jijiya kusa da wuya. Daga can zuciya, daga zuciya kuma huhu ne na farko da zai karɓa. A 2016 Robert Dickson da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka gano alamun Bacteroides, bakteriyar da gidanta hanji ne, a huhun masu matsanancin ciwon huhu.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar dogon bayani. Mutum kwance a rigingine, ba ya iya tari, abin da ke cikinsa yana hawowa maƙogwaro ya bi gefen robar numfashi ya gangara huhu. Bayan gida ya taɓa robar fitsari, ƙwayar ta hau mafitsara. Hannun da ya gyara shimfiɗa ya taɓa robar jijiyar wuya. Shi ya sa za ku ga an ɗaga kan gadon kamar digiri 30 zuwa 45, ana goge masa baki, nas tana canza safar hannu sau ba adadi. In kun shiga dubiya kuka ga gadon a ɗage, kada ku kwantar da shi wai don ya ji daɗi.

In haka ne, ba gara a rage masa antibayotik ba?

A'a, ba a farko ba. Mai sefsis, wato cutar da ta bazu har garkuwar jiki ta juya tana lalata gaɓoɓin mai ita, jinkirin antibayotik na iya kashe shi cikin awoyi. Ƙiyasin 2017 ya nuna mutum miliyan 11 sefsis ta kashe a duniya a shekarar, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni. A ceci rai tukuna.

Inda ake da zaɓi shi ne wane iri, da kuma har yaushe. Ba duk antibayotik ne ke yi wa masu gudun iska ɓarna iri ɗaya ba. Piperacillin-tazobactam, meropenem, metronidazole da clindamycin suna share su, cefepime kuwa ya fi ƙyale su. A asibitin Jami'ar Michigan an taɓa yin ƙarancin piperacillin-tazobactam na wata 15, dole likitoci suka koma cefepime. Da aka waiwayi bayanan mutum 7,569, sai aka ga waɗanda suka sami na farkon, kashi 22.5 cikin 100 sun rasu cikin kwana 90, na biyun kuwa kashi 17.5. Sai dai wani gwaji a Jami'ar Vanderbilt da aka wallafa a 2023, inda aka raba mutum 2,511 gida biyu ta hanyar ƙuri'a tsakanin magungunan nan, bai ga bambancin mutuwa ko ciwon ƙoda cikin kwana 14 ba. Masana na ta muhawara a kai.

A ganina darasin da ya tsira daga muhawarar mai sauƙi ne. Wanda hanjinsa ya huje, kamar yadda taifod ke yi wa yara da matasa a yankinmu, dole a ba shi maganin da ke kashe masu gudun iska, don sun fita daga gidansu sun shiga kogon ciki. Wanda ciwonsa a huhu ko mafitsara yake, sau da yawa ba ya buƙatar hakan. Kuna da damar tambayar likita cikin ladabi: an ɗebi jini ko majina don gano ƙwayar kafin a fara allurar? Sakamakon ya fito? Za a iya komawa ƙaramin magani? Kwana nawa aka tsara?

Me ya sa suke son zura masa robar hanci, bayan ga ƙarin ruwa yana shiga?

Ƙarin ruwa na yau da kullum ruwa ne da gishiri, wani lokaci da ɗan sukari. Ba abinci ba ne. Akwai abinci na musamman da ake bayarwa ta jijiya, yana ciyar da jiki, amma ba ya bi ta hanji, don haka bangon hanjin da ƙwayoyinsa suna nan da yunwarsu. Ƙungiyoyin masana abincin marasa lafiya na Turai da Amurka sun yi ittifaƙi a fara ciyarwa ta ciki cikin awa 48 in babu abin da ya hana, ko da kaɗan ne.

Da yawa daga cikinmu ganin robar hanci muke yi tamkar alamar an fid da rai, har wasu su ƙi sa hannu. Ba haka ba ne. Sau da yawa alama ce ta likita yana ganin cikin zai iya aiki.

Amma ba a gaggawar cika shi. A Faransa an gwada mutum 2,410 da jininsu ya faɗi suna kan alluran ɗaga shi. An ba rabi cikakken abinci ta roba tun farko, rabi ta jijiya. Mutuwa ba ta bambanta ba, amma mutum 19 a rukunin roba jini ya yanke wa hanjinsu, a ɗaya rukunin mutum 5. Saboda haka in kun ga nas tana ba da ɗan kaɗan, tana taɓa cikin, tana dakatawa in ya yi amai ko cikin ya ɗaure, ba rowa take yi ba.

Hajiya ta dama kunu, an kuma kawo fura da nono da zuma da ruwan Zamzam. Za mu iya ba shi?

Ta baki, ga wanda bai farka sosai ba, kada ku kuskura, ko cokali ɗaya. Wanda ba ya iya haɗiya da kyau, abin huhu yake wucewa, kuma ba lallai ya sarƙe ko ya yi tari ku gane ba. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya tashi, numfashi ya rikice.

Ta roba kuwa, asibitoci da dama a ƙasashenmu da kunu suke ciyarwa, a ƙara madara ko waken suya ko ƙwai, domin abincin gwangwani na musamman yana da tsada. Ku miƙa wa nas fulas ɗin, ita za ta duba kaurinsa, ta tabbatar an tace shi don kada ya toshe robar, ta tabbatar robar tana ciki ba ta goce ba, sannan ta ba shi da sirinji ta bi da ruwa. Kunun safe kada ya kai dare. Zamzam da ruwan addu'a, ku gaya mata ita ma, yawanci akan sami hanyar da ba za ta cutar ba, ko a shafa masa.

Nono shi ne abin taka-tsantsan. Gaskiya ne kindirmo na ɗauke da bakteriya masu tsamar da madara, kuma ga mai lafiya abinci ne mai kyau. Amma nonon da ba a dafa madararsa ba, ko aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba, yana iya zuwa da wasu ƙwayoyin da bangon hanji mai rauni ba zai iya tarewa ba. A ajiye shi sai an fito. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuma, ƙoda da hantar da ke fama ba za su ɗauka ba.

Na ga ana sayar da kafso na bakteriya masu amfani, probayotik. Mu sayo masa?

Kada ku sayo sai likita ya rubuta, kuma da wuya ya rubuta. Tunanin yana da ma'ana: an rasa na kirki, a zuba wasu. Ƙananan gwaje-gwaje sun yi ta nuna kamar yana rage ciwon huhu. Manyan gwaje-gwaje biyu ne suka sanyaya gwiwar kowa.

Na farko a Holan, an wallafa shi a 2008. Mutum 296 masu matsanancin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, an ba rabi haɗin bakteriya iri 6 ta roba, rabi kuma garin da ba komai a cikinsa. Cikin 152 da suka sami bakteriyar, 24 suka rasu. Cikin 144 da ba su samu ba, 9. Mutum 9 a rukunin farko jini ya yanke wa hanjinsu, a na biyu ko ɗaya babu. Na biyun a 2021 ne, a ICU 44 na Kanada da Amurka da Saudiyya, mutum 2,650 a kan na'urar numfashi, da bakteriyar Lactobacillus rhamnosus GG. Ciwon huhu ya kama kashi 21.9 cikin 100 na waɗanda aka ba, da kashi 21.3 na waɗanda ba a ba ba. Gudawa ma ba ta ragu ba. Abin da ya bambanta shi ne mutum 15 a rukunin farko an tsinci bakteriyar kafson a jininsu ko wani wurin da bai kamata ba, a ɗaya rukunin mutum 1.

Irin na yis ɗin nan, Saccharomyces boulardii, da ake ba masu gudawa, a Turai an hana ba da shi ga wanda jikinsa ya yi tsanani ko mai roba a babbar jijiya, domin yana shiga jini. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba bakwaini probayotik bayan rasuwar wani jariri. Nau'i ɗaya ko shida a kafso ba ya maye gurbin ɗaruruwa, balle a hanjin da bangonsa ke yoyo.

Ya fara gudawa a ICU. Cuta ce sabuwa?

Yawanci a'a. Abincin roba, magungunan ruwa masu zaƙi, maganin sassauta ciki da antibayotik kansa duk suna kawo ta. Wadda ake tsoro ita ce ta Clostridioides difficile, ƙwayar da ke samun sarari bayan antibayotik ya share maƙwabtanta. Tana zuwa da zawo mai ruwa sau da yawa a rana, zazzaɓi, ciwon ciki, wani lokaci babban hanji ya kumbura har a kai ga tiyata. Gwajin bayan gida ne ke tabbatar da ita. Kada ku sayo maganin tsayar da gudawa ku ba shi a ɓoye. Sannan ku sani man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ƙwanta, sai wanki da sabulu da ruwa.

Wai har bayan gidan wani ake zuba wa mara lafiya?

Ana yi, ko da yake jin sa ba daɗi. Ana karɓa daga mai lafiyan da aka tantance, a tace, a shigar ta roba ko ta dubura ko a kafso. Likita Ben Eiseman ya yi wa mutum 4 haka a Denba ta Amurka tun 1958. A 2013 gwajin Amstadam ya fito: masu C. difficile da ke ta dawowa, 13 cikin 16 sun warke da zubi ɗaya, wasu 2 da na biyu, alhali antibayotik ɗin vancomycin shi kaɗai ya warkar da 4 cikin 13. Tazarar ta sa aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Amurka ta amince da magunguna biyu da aka sarrafa daga bayan gidan masu ba da gudummawa, Rebyota a 2022 da Vowst a 2023, duka don hana wannan cuta dawowa.

Ga sauran marasa lafiyan ICU, abin bai wuce matakin gwaji ba. Haɗarinsa ma a fili yake: a 2019 mutum 2 masu raunin garkuwa a Amurka sun kamu da E. coli mai bijire wa magani daga mai ba da gudummawa ɗaya, guda ya rasu. Ba abin da za a kwaikwaya a gida ba ne ko kusa.

Na ji a wasu ƙasashe da gangan ake kashe ƙwayoyin hanjin. Wannan bai saɓa wa duk abin da aka faɗa ba?

Da alama ya saɓa, shi ya sa shekara 40 ana gardama. Dabarar ta fito daga Groningen ta Holan a 1984. Ana shafa wa mai na'urar numfashi man antibayotik a baki, a zuba irinsa a ciki, waɗanda jini ba ya tsotsa, irin su colistin da tobramycin da maganin yis, tare da allurar kwana 4. Asalin niyyar ita ce a kashe masu cutarwa a bar masu gudun iska. A 2009 gwajin ICU 13 na Holan, mutum 5,939, ya nuna raguwar mutuwa da kimanin kashi 3.5 cikin 100. A Ostireliya a 2022, mutum 5,982, kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun rasu, da kashi 29.1 na waɗanda ba a yi wa ba, tazarar da ba ta isa a yanke hukunci da ita kaɗai ba.

Holan ƙasa ce da ƙwayoyi masu bijire wa magani ba su yi yawa ba. Da aka gwada a wasu ƙasashen Turai inda suka fi yawa, a 2018, ba a ga amfanin ba. Colistin kuwa yana cikin magungunan da ake ajiyewa don ranar da komai ya gaza. Shafa shi kullum a inda bijirewa ta riga ta yi katutu shawara ce da sai an yi dogon nazari.

Duk binciken nan na Turai da Amurka ne. Ya shafe mu?

Ya shafe mu fiye da su. Ƙiyasin duniya na 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne bijirewar bakteriya ga magani ta kashe kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Ma'ajiyar waɗannan ƙwayoyi kuwa hanji ne. A Maraɗi, a wata cibiyar kula da yara masu tsananin tamowa, an bi yara 55, aka wallafa sakamakon a 2011. Kashi 31 cikin 100 sun zo da bakteriya mai karya manyan alluran nan dangin ceftriaxone a hanjinsu tun daga gida. Cikin waɗanda suka zo babu ita aka kuma sake duba su ranar sallama, kashi 94 sun tafi da ita.

Tun daga gida ɗin nan shi ne namu. Kowa ya san yadda ake yi: ciki ya ɗan murɗa, a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl, a haɗa da jan kafso, a sha kwana biyu a bari. Flagyl shi ne metronidazole, aikinsa kashe masu gudun iska, wato daidai waɗanda ake so su rayu. Yawancin gudawar kwana biyu ruwan gishiri da sukari take buƙata, yara a ƙara musu zinc. Mai yawan shan antibayotik ba dalili, ranar da ya kwanta da gaske, zai iso da hanjin da ya riga ya raunana, ɗauke da ƙwayoyin da allurar farko ba za ta taɓa ba, ta gaba kuma kuɗinta ya ninka.

Alhamdu lillahi an sallame shi. Hanjin zai koma yadda yake?

Yana farfaɗowa, amma a hankali. A Denmak an ba samari 12 masu ƙoshin lafiya manyan antibayotik 3 na kwana 4 kacal. Sai bayan kamar wata ɗaya da rabi hanjinsu ya kusa komawa daidai, kuma bayan wata 6 akwai nau'i 9 da ba a sake gani ba a yawancinsu. Wanda ya yi makonni a ICU, nasa zai fi haka daɗewa. Bayanan asibitoci sama da 500 na Amurka sun nuna waɗanda suka sha antibayotik mafi ɓarna ga hanji sun fi fuskantar dawowa da sefsis cikin kwana 90 bayan sallama.

Don haka watanni ukun farko a sa masa ido. Ya ƙarasa maganin da aka rubuta, kada a ƙara wani daga kemis. A koma abinci sannu a hankali: kunun gero ko dawa da ba a cire dusarsa duka ba, wake, miyar kuka da kuɓewa, zogale, alayyahu, 'ya'yan itace, yogot ko kindirmon da aka dafa madararsa. Mai ciwon ƙoda ko sukari, ko wanda aka yanke wa hanji, ya bi tsarin da asibiti suka ba shi. In zazzaɓi ya taso, ko ruɗewa, ko numfashi sama-sama, ko fitsari ya ragu, ko zawo mai ruwa ya kai sau 3 a rana, a mayar da shi asibiti a ranar, a tafi da takardar sallama da sunayen alluran da aka yi masa.